Wuta a Cikin Baki

Saura kwana huɗu a yi wa Nemesia aiki a baki, kuma duk cikin matan da take shiga jirgin ruwa ɗaya da su babu wadda ta sani.

Likitan da ta gani a garin Tumaco bai yi mata kwana-kwana ba. Ya haska tocila a rufin bakinta, ya daɗe yana kallo, ya gutsuri ɗan nama ya aika gwaji. Da ta koma ya ce abin nan fari-fari da ya shimfiɗu a ganɗarta yana kan hanyar zama ciwon daji. In ta yi sati shida cur ba taba ba barasa, kankarewa kawai za a yi, ta koma gida da bakinta da muryarta. In kuwa ta ci gaba da cusa wa wurin wuta, to ranar da za ta dawo wuƙa ce za ta yi aiki. Nemesia ba ta tambaye shi yadda wannan yankan yake ba. Ta riga ta gan shi a fuskar yayarta Saturia, wadda ta shekara tana magana da hannu, tana shan romo ta bututun roba, kafin a kai ta makwancinta.

To amma shi likita a kan kujera yake neman abincinsa, fanka na kaɗa shi. A ganinsa taba abin marmari ce, mutum ya ga dama ya ajiye. Ya zo ya yi wuni ɗaya a kurmin ruwa mana, mu ga iya shegen! Matan ƙauyen nan ba su da gona, ba su da shago. In teku ta janye da safe ta bar itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu, sai mace ta shiga taɓo har cinya, ta nutsa hannu har kafaɗa tana laluben piyangwa, ƙumbar nan mai baƙin ɓawo da ake kaiwa kasuwa. A nan jejen suke jira, ƙwari ne da ba su kai ƙwayar yashi ba, amma in suka rufe fuskar mutum sai ya nemi haukacewa. Hayaƙin taba kaɗai suke tsoro. Ga ruwan sama da ba ya fashi, ga hannu biyu duk a laka, don haka tun kakanni mata suka koyi juya naɗin taba, wutar ta koma cikin baki, inda ruwa ba ya kai mata. Sanyin taɓo kuwa in ya shiga ƙashi, biche ke fitar da shi, barasar raken da ake dafawa a bayan gari. Nemesia tana da shekara goma sha uku Saturia ta juya mata tabarta ta farko, tana dariya tana cewa ta kwantar da harshe kar ta gasa shi.

Ga kuma dokar Inna Baldomera, tsohuwar da ke da jirgin. Ita ba ta ƙirga kai, hayaƙi take ƙirgawa. In mata suka watsu cikin kurmi ba mai ganin wata, sai ta riƙa ɗaga kai daga nata aikin tana duba inda shuɗin hayaƙi ke tasowa ta saman ganye, da haka take sanin inda kowa take in ruwa ya juyo. Macen da ba ta hayaƙi ba ta da gurbi a jirginta, ko 'yar cikinta ce. Nemesia kuwa 'ya'ya uku take ci da su da wannan gurbin. Ban da haka akwai abin da ya fi ci mata rai. Ta tuna yadda matan nan suka riƙa janye jiki daga Saturia da ciwo ya bayyana, yadda suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ita, suna gaishe ta daga bakin ƙofa suna kallon ƙasa. Ta rantse ba za ta bari a yi mata haka ba. Sai ta yi shiru, ta shiga ha'inci.

Ranar Alhamis ɗin nan gari ya waye da yayyafi. Su shida suka shiga jirgi, kowa da kwandonta da baƙar ledar da take lulluɓa da ita, kwalbar biche ta fara zagayawa tun inji bai gama zafi ba. Da ta zo hannun Nemesia ta kafa ta a leɓe, ta rufe baki gam, ta yi kamar ta haɗiye, ta miƙa.

"Yaya Neme, kwalbar nan fa ba sumbatarta aka ce ki yi ba," in ji Chela, ƙaramarsu, mai bakin da ba ya hutawa. "Kullum yadda ta shiga hannunki haka take fita. Ko kin bi masu tafi da tsalle na sabon cocin nan ne ba mu da labari?"

"Ke dai ki ji da mijinki da ya tafi sayen man inji tun Kirsimeti," in ji Nemesia.

"Ai shi ya sa nake sha! Ke me ya hana ki? Naki ma ya fi daɗewa a hanya."

Jirgi ya kaure da dariya, har da masu tari. Inna Baldomera tana riƙe da inji a baya, ba ta ko murmusa ba. "Ku ƙyale ta," ta ce ta gefen baki. "In ta ga dama ta sha ruwan kwakwa. Ni dai in ga hayaƙinta."

A bakin ƙoramar da suke aiki akwai wata doguwar bishiya mai reshe biyu, ta fi duk na kusa tsayi nesa ba kusa ba. A nan Saturia ke zama ta ci gasasshiyar ayabarta lokacin tana raye. Tun da ta rasu ba a wuce wurin haka nan. Inna Baldomera ta kashe inji, ta tsiyaya biche a ruwa, ta kunna sabon naɗi, ta taka saiwa ta hau, ta soke shi can sama a tsakanin rassan.

"Ga taki nan, Saturia," ta ce. "Ki zauna a inda kike. Kar ki biyo kowa."

Saboda haka hayaƙi bakwai tsohuwar ke ƙirgawa kullum, shida na masu rai. Ko jariri ya san tabar da ba a zuƙa mutuwa take yi kafin a gama cin tuwon ayaba. Ta Saturia ba ta taɓa mutuwa ba, cinyewa take har gindi. Duk sun sani, kuma ba wadda ta taɓa ɗaga maganar.

Daga nan ne ma Nemesia ta samo dabararta. Takan kunna tata a jikin ta Chela tana hura ta daga waje, ta riƙe a hannu kamar mai jira ta kama, in ta shige kurmi sai ta soke ta a wata saiwa, ta tsuguna gefe tana aiki. Hayaƙi na tashi, Inna na gani, an rabu lafiya. Sati ukun farko ta sha wahala, don tabar mutuwa take yi, sai ta goge hannu ta zaro ashana daga ɗankwalinta ta sake kunnawa, sau biyar sau shida a wuni. Jejen suka mai da fuskarta gona, ta ce wa mata sabon sabulu ne bai karɓe ta ba. Kwaɗayin kuwa kar a yi magana. Ƙamshin na shigar mata hanci, yawu na cika mata baki, hannunta na rawa a cikin laka, har wani lokaci ta yi kuka ita kaɗai don baƙin ciki. Amma ba ta zuƙa ba ko sau ɗaya.

A sati na huɗu tabar ta daina mutuwa.

Ta zo da ashana a hannu za ta kunna, ta tarar da ita tana ci jajur, har ta yi rabi. Ta ce iska ce. Washegari ma haka. Rana ta uku ta zare ta daga saiwar ta duba. Gindin a jiƙe yake, ba jiƙewar ruwan sama ba, da ɗan ɗumi, an tauna shi ya baje ta gefen hagu. Saturia ba ta da haƙora a dama tun tana budurwa, da hagu take riƙe taba. Nemesia ta mayar da ita inda take da sauri, ta wanke yatsunta a ruwan gishiri har sau uku. Ta yi niyyar gaya wa Inna, amma ta gaya mata me? Cewa ta yi wata guda tana yaudararta? Kuma da yake ɗan Adam ba abin da ba ya sabawa da shi, kwana kaɗan ta fara jin daɗin abin, ta huta da kunne-kunne. Daga baya ma ta daina ɗauko ashanar daga gida.

Ranar Alhamis ɗin kuwa iska ta ɗauke ɗif. Yayyafi na sauka a hankali, kurmin ya yi tsit, jejen suka taso kamar an buɗe musu ƙofa. Nemesia ta soke tabarta a wata saiwa, ta yi ƙoƙarin zama kusa da hayaƙin, amma ya miƙe sama sak, bai ko waiwaye ta ba. Ƙwarin suka cika mata kunne da gefen ido. Ta ce bari ta ɗan matsa wajen da ake jin iskar teku. Ta matsa, ta ƙara matsawa, sai ga ta a wani lungu da ga alama ba a taɓa sa masa hannu ba. Duk inda ta nutsa sai ta fito da biyu ko uku, manya, masu nauyi. Ta tuna za ta yi sati ba ta aiki bayan tiyata, ta duƙufa. Kwando ya cika, ta tuɓe rigar sama ta ƙulle wasu a ciki.

Ƙarar filafili a jikin jirgi ce ta dawo da ita, bugu uku, alamar ruwa ya juyo. Ta ji shi can nesa, nesa fiye da yadda ta zata. Ta duba ƙasa, ruwa ya riga ya rufe mata idon sawu, yana shigowa shiru ta tsakanin saiwoyi.

Ta ɗauki kaya ta koma da baya, tana cire ƙafa tana dasawa. Ta gane saiwar da ta soke tabar, don ta karya reshe a wurin. Tabar ba ta nan. Ta lalubi ruwa ko ta faɗi, ba komai. Da ta ɗaga kai sai ta ga hayaƙin. Yana gabanta da tazarar bishiya goma, kuma tafiya yake. Yana ratsawa tsakanin ganye daidai tsayin kan mace mai ɗan doro, ya ɗan tsaya inda mutum zai tsaya ya tsallake saiwa, ya ci gaba, ya nufi ƙorama kai tsaye. Ba ta ga jiki ba. Ba ta ji tsamo ƙafa daga taɓo ba, sautin da ko kaguwa ba ta iya ɓoyewa.

"Wa ke nan?" ta ce. Muryarta ta fito a shaƙe. Tun da aka gutsure mata nama ba ta iya ɗaga ta.

Ta bi bayansa da iyakar ƙarfinta, laka na riƙe ta, kwando na ja da ita baya. Sai ta jiyo Chela ɓaro-ɓaro ta cikin itatuwa.

"Ga ta nan, uwar nawa! Kullum ke ce ta ƙarshe. Shigo mana, ruwa zai cinye mu. Au, yau kuma gaisuwar ma ba za a amsa ba?"

Inji ya tashi. Nemesia ta kai wani sarari daidai lokacin da jirgin ke giftawa can bakin ƙorama, ta gan shi sarai. Baƙaƙen ledoji shida a jere, kowacce an duƙa a ƙarƙashinta saboda ruwa, hayaƙi na fita ta saman kowacce. A benci na uku ta hagu, inda take zama shekara ashirin, akwai mai zama. Inna Baldomera ta miƙa yatsa daga baya tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai, ta murɗa inji.

Nemesia ta yi ihu. Abin da ya fito bai fi kukan ƙofa ba, inji ya haɗiye shi. Ta ɗaga hannu tana kaɗawa har jirgin ya sha kwana.

Wanda bai san wurin nan ba zai ce sai ta hau bishiya ta jira. Wace bishiyar? Ruwan cikowa a nan yana wuce tsayin ƙofar ɗaki, gajerun itatuwan nan ganyensu kawai ake gani in ya cika. Guda ɗaya ce ke tsira da rassanta a duk yankin, kuma Nemesia ta san wacce. Ta yi ta tsayuwa ruwa na hawa gwiwarta, tana neman wata dabarar, babu. Ta rataye kwandon a wani reshe, abin tausayi har da ɗaure shi da kyau kamar za ta dawo ta same shi, ta kama hanya. Kafin ta kai, ruwa ya zo mata ƙirji, ƙafarta ɗaya ba takalmi, ɓawon kawa, ƙumbar da ke manne a saiwoyi, ya tsattsaga mata tafin hannu.

Ta hau bishiyar Saturia tana haki, ta zauna a reshen dama ta rungume gangar jikin. Sai da numfashinta ya dawo ta lura da abin da ke kusa da kuncinta. Tabar da Inna ta soke tun safe tana nan. Ya kamata a ce ta zama toka tun kafin rana ta take, amma ga ta da tsayinta kamar yanzu aka kunna, gindinta a bushe, ba alamar haƙori. Wutar na ci a hankali. Kamar dai abincin da aka zuba wa mutum ya tashi ya tafi wani wuri.

Tsoro ya kama Nemesia irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta juya fuska ta bar kallonta. Tabar matacce ba a taɓa ta, wannan ko ba a faɗa ba an sani.

Ruwa ya ci gaba da hawa. Ya shafe saiwoyi, ya shafe ƙorama, kurmin duk ya koma fili ɗaya na ruwan toka da kawunan ganye. Jejen da ruwa ya koro daga ƙasa suka taru a kanta, suka shiga hanci, suka shiga fatar ido, tana sharewa hannunta na fitowa da jini. Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka a haka ba. Can sai ta ji inji. Sun dawo! Ta miƙe a kan reshen tana kaɗa ɗankwali, amma ƙarar ta yi gabas, ta tsaya, ta koma yamma. Tana jin suna kiran sunanta, siririyar murya a kan ruwa. In teku ta cika haka ƙoramu arba'in duk kamarsu ɗaya, ko Inna Baldomera ba ta bambancewa, balle ga ruwan sama ya rufe nesa. Ta san abin da idon tsohuwar ke nema a sama. Ba ɗankwali ba ne.

Sai yayyafin ya koma ruwa sosai. Ɗigo ya faɗa kan tabar ta yi tsuwwa. Nemesia ba ta san sanda ta fizge ta ba. Ta kare ta da tafin hannu, ta hura, ta hura, wani ɗan siririn hayaƙi ya fito ruwa ya danne shi nan take. Jan wutar ya ragu ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Hannunta a jiƙe, rigarta a jiƙe, gashinta na zuba. A duk faɗin kurmin nan wuri ɗaya ne ya rage busasshe, kuma ta san shi.

"Yaya," ta ce, tana kallon ruwa. "Kwana huɗu ya rage mini. Sati biyar da kwana uku na yi, Yaya, kin gani da idonki. Kin san abin da suka yi miki. Don Allah."

Reshen hagu, wanda ba kowa a kai, ya ɗan lanƙwasa ƙasa a hankali ya tsaya a haka. Wani wari ya zo mata, biche da man zafi da auduga mai ruɓa, warin ɗakin da Saturia ta yi jinya shekara guda. Ruwa ya taɓa tafin ƙafarta. Ƙarar injin ta fara nisa.

Ta juya tabar ta sa a baki.

Wutar ta sami ciwon daidai, zafi ya harba mata har cikin ido, ta ji wani abu ya tsage a ganɗarta. Ta kwantar da harshe ta zuƙa. Gaskiya dai a faɗe ta ko da muni: daɗi ta ji. Daɗin da ya bi jijiyoyinta har yatsun ƙafa, ya kwance mata wuya, ya tsayar da rawar hannunta. Hawaye suka zubo mata, ita kanta ta san ba na zafi ba ne, kunya ta rufe ta. Ta ɗaga kai ta busa hayaƙi mai kauri, ta sake, ta sake. Jejen suka watse. Shuɗin ya taru a ƙarƙashin ganye ya huda sama.

Injin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juyo.

Jirgin ya iso har gindin reshen, don ruwa ya kawo shi daidai. Ba wadda ta yi guɗa, ba wadda ta yi tsiya. Suka dubi bishiyar, suka dubi abin da ke bakinta, wata ta yi alamar gicciye. Hannuwa suka kama ta suka sauke ta a tsakiyar jirgi. Benci na uku ta hagu ba wanda ya zauna a kai, ledarta na ninke a gefe.

"Ni na ba ki hannu kika shigo," in ji Chela. "Na rantse da kabarin uwata, Yaya Neme. Hannunki sanyi ƙarara, na ce sanyin taɓo ne. Duk hanya ina zolayarki kina busa mini hayaƙi. Da muka kai gari kowa ta sauka ke kin ƙi tashi, na yaye ledar..." Ta toshe baki.

"Ya isa," in ji Inna Baldomera. Ta bar inji ta tako har gaban Nemesia, ta tsuguna, ta dubi jinin da ke bin haɓarta. "Cire ki buɗe mini bakin nan."

Nemesia ta zare tabar ta riƙe a yatsu, ta buɗe. Tsohuwar ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. Sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, da likita da sati shida da saiwa da ashana, da Litinin da ake jiranta. "Tsoro na ji, Inna," ta ce tana shessheƙa. "Kar ku guje ni yadda kuka guji Yaya."

Inna Baldomera ta zare tata tabar, ta ɗaga kai, ta wangame baki.

Duk rufin bakin fari ne fat, ya yi kauri ya tsattsage, da wani jan rami a tsakiya wanda babban yatsa zai shiga. Nemesia ta ja da baya. Matar da ke kusa ta cire tata, ta buɗe. Ta bayanta ma haka. Ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce su yi, ruwa na dukan fuskokinsu, jirgi na lilo a tsakiyar kurmi. Ta ƙarshe Chela ce, Chela da ba ta cika shekara ashirin da bakwai ba, mai goyo a gida. Nata bai fi faɗin farce ba tukuna. Zuciyar Nemesia ta karye a kan wannan fiye da duk sauran.

"Ba ƙyamar yayarki muka yi ba, 'yar nan," in ji tsohuwar. "In muka kalle ta kanmu muke gani. Wa zai iya cin abinci yana kallon haka?" Ta share ruwa daga fuskarta. "Sati biyar kina cikin jejen ba hayaƙi! Ni da na gwada bari, ban yi kwana biyu ba na koma. Ji nan. Guda ɗaya ba za ta rushe miki komai ba, in kika tsaya a nan. Litinin ni zan kai ki da jirgin nan, in zauna a bakin ƙofa har a fito da ke. In kin warke gurbinki na nan, ki ɗaura gwangwani a ƙugu kina bugawa in ji ki. Sai ki kai mana yarinyar nan wurin likita ita ma."

Chela ta gyaɗa kai tana kuka.

"To miƙo," in ji Inna Baldomera, ta buɗe tafin hannu. "Ba taki ba ce. A mayar wa mai ita, mu bar wurin nan."

Nemesia ta dubi yatsunta, ba komai a ciki. Ba ta tuna sanda ta mayar ba, amma tabar na bakinta, wutar a ciki, haƙoranta sun riƙe ta gam. Hannun tsohuwar na miƙe a gabanta, ruwa na taruwa a cikinsa, mata huɗu na kallonta. Tana son ta miƙa, Allah ya sani tana so. Ta zuƙa har ƙirjinta ya cika.

"Bari in ƙarasa, Inna," ta ce.